Batura Huɗu A Tafkin Chadi

Ni ban yi boko mai nisa ba. A aji biyu na sakandare na tsaya, na koma bakin tasha a Haɗeja na koyi rewaya da cajin batir. Da wannan sana'a na yi aure, da ita na ciyar da 'ya'ya biyar. Saboda haka duk mai karanta wannan kada ya nemi zaƙin baki a wurina. Abin da ya same ni a Chadi zan faɗa yadda ya faru, don na gaji da jin 'yan majalisar bakin kasuwar kifi suna ba da shi a karkace, alhali wasunsu ko Kaugama ba su taɓa wucewa ba.

Shekarar da ambaliya ta shiga shagona har ƙugu, ta jiƙa injin caji da baturan mutane, ita ce shekarar da na fita. Zancen sallama da koke-koken gida mu bar shi. Wani ɗan kamasho da ake ce wa Ɗanliti, mai kai injinan ban ruwa ƙetare, shi ya ce mini akwai wani Alhaji Abakar a Bol, bakin Tafkin Chadi, mai babban jirgin ruwa, yana neman wanda ya san wuta. Ya ce abinci kyauta, makwanci kyauta, albashi da sefa. Na bi shi.

A Difa, cikin Nijar, Ɗanliti ya zaunar da ni a gindin wata dalbejiya kusa da tasha, ya ce in kawo guzurina ya haɗa da nasa ya canzo mana sefa, wai shi ya san inda ba a cuta. Har yau yana can yana canji. Na zauna tun hantsi har inuwar bishiyar ta juya ta bar ni a rana. Wani mai shayi da ke gefe, dogon Babarbare mai tsage, ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo mini kofi da rabin burodi.

Ya ce, "Mai jar hular nan ne ya kawo ka?"

Na ce shi ne.

Ya ce, "Ba kai ne na farko ba. Sha shayi."

A kan bencinsa na riƙa kwana. Har na bar garin ban san sunansa ba, shi ma bai tambayi nawa ba.

Abin da ya rage mini jakar kayan aiki ce: mita, filaya, sifanu, da ma'aunin asid na gilashi wanda matata Talatu ta naɗe mini a tsohon zanenta don kada ya fashe. In koma Haɗeja tun daga Difa in ce an damfare ni a gindin bishiya kamar ɗan ƙauye, wannan ba zan iya ba. Sai na yi gaba. Wata babbar mota mai kayan masarufi da za ta Chadi ta ƙi tashi a tasha, na gyara wa direban kik, abin tayar da inji, ya ce ladana shi ne wurin zama a saman kaya.

Daga Ngigmi kwalta ta ƙare, sai yashi. Mota ta kafe, mu sauka mu haƙa, mu tura, a yi gaba kaɗan ta sake kafewa. Ruwan jarka ya yi zafi kamar na wankan jego, haka muke sha. A kowane shinge sai an sauko da mu, kuma da an ga katina na Nijeriya sai a ware ni gefe. Wa ka sani a cikin tafki? Me za ka je yi? Wa ya aiko ka? Kowa ya san abin da ya faru a yankin nan, ban ga laifinsu ƙwarai ba. Amma a nan na gane cewa ɗan katin nan da takardar shigar da aka buga mini a kan iyaka su ne mutuncina, su ne kuma raina. Na ɗinke su a cikin ƙugun wando.

Bol gari ne na yashi a bakin ruwa mai yawan ciyawa da sauro. Na tambayi Alhaji Abakar a kwata, inda jirage ke lodi, aka nuna mini shi zaune a kan buhu yana duba waya. Gajere ne mai ƙiba, ya iya Hausa irin ta 'yan kasuwa. Na ce Ɗanliti ne ya turo ni.

Ya ce, "Ban san wani Ɗanliti ba. Amma in da gaske ka san batir, ina da aiki. Kawo takardunka in ajiye maka, a kan ruwa jiƙewa suke yi."

Na ce ai na ɗinke su da kyau.

Ya ce, "To ka je ka ɗinka wa kanka aiki a wani wuri."

Na farke ƙugun wando na ba shi. Ya jefa su a aljihu kamar goro.

Jirgin na katako ne, dogo, an ɗora masa injin babbar mota. Yana kai masara da sukari da fasinja tsibirai, ya dawo da kifi, wani lokaci kuma ya yi lodin kanwa, manyan allunanta kamar duwatsun niƙa. Alfaharin Alhaji shi ne firiza da ya sa a tsakiya don ɗanyen kifi, da sola a kan rumfa, da sababbin batura huɗu da ya sayo daga Njamaina, waɗanda ke tayar da inji, su riƙe firiza, su kuma juya famfon da ke fitar da ruwan da ke tsatsowa ta cikin katako. Matsalarsa ita ce da safe baturan sukan tashi a gajiye. Kik ya yi gurnani kamar tsohon rago kafin inji ya kama.

Ma'aikatan jirgin ba ruwansu da ni. Da Larabcinsu da yarensu suke hira, in na zo su yi shiru, in na juya su kwashe da dariya. Mutum ɗaya ne ya kula ni, wani tsoho ramamme da ake ce wa Baba Kyari. Aikinsa kwarfe ruwa, wanke jirgi, da dafa wa ma'aikata tuwo. Ba shi da ɗaki a gari, a ƙarƙashin bencin gaba yake kwana, da tabarmarsa da butarsa. Ran farko da ya ji na yi tsaki na zagi wata waya, sai ya ajiye kwano ya ce, "Kai, wannan bakin na gida ne. Daga ina?"

Na ce Haɗeja.

Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ƙi saki. Ya ce shi mutumin Birniwa ne. Ya zo kamun kifi tun yana saurayi, jirginsa ya kife da komarsa da komai, ya ce sai ya mayar da abin da ya rasa zai koma. Gemu ya yi fari bai mayar ba. Ya tambaye ni ko jirgin ƙasa na wucewa ta garinsu har yanzu, ko tsamiyar bakin kasuwa na nan, ko ana kama ragon ruwa a kogin Haɗeja kamar da. Na amsa wanda na sani, wanda ban sani ba na ce yana nan.

Ban yi sati ba ruwan tafki ya kama mini ciki. Na kwanta a kan buhunan masara ina murƙususu, ma'aikata na tsallake ni kamar kaya. Baba Kyari ne ya riƙa jiƙa mini kanwa yana ɗura mini, ya dama kunu, ya wanke mini wando ba tare da ya ɓata fuska ba. In zazzaɓi ya taso na fara sambatu ina kiran Talatu da autana, sai ya zauna yana yi mini fifita da murfin kwali yana cewa, "Za ka gan su, ɗana. Kai ba za ka yi irin tawa ba."

Da na miƙe na shiga aikin baturan sosai. Batir ba ya mutuwa haka kawai. Ko dai ba ya samun caji, ko wani abu na shanye shi a ɓoye, ko kuma cikinsa ya lalace. Na fara da altaneta, abin da ke yi musu caji in inji na tafiya. Fambel ɗinsa ya saki har ina juya shi da yatsa, na ɗaure. Wayar da ta tashi daga batura zuwa jikin inji ta ci tsatsa ta koma kore, saura 'yan silla suka riƙe ta, na canza. Na kankare kawunan batura na shafa musu giris. Mita ta nuna caji na shiga. Kwana biyu inji na tashi da bugu ɗaya, har direban jirgin ya ɗaga mini babban yatsa.

Sai na hau rumfa na bi wayar sola, a nan na ga ainihin cutar. Wanda ya yi aikin kafin ni ya cire kwantirola, ɗan akwatin da ke tsayar da caji in batir ya ƙoshi, ya haɗa sola kai tsaye. Ranar Chadi kuwa ba ta wasa. Da azahar in ka sa kunne sai ka ji baturan na tafasa, suna warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kowane batir yana da ɗaki shida, kowane ɗaki da murfinsa. Na buɗe na ga ruwa ya ja baya har dalma ta fito fili.

Na sami Alhaji na ce ya sayi kwantirola, in ba haka ba rana za ta dafa masa batura.

Ya ce, "Ku 'yan Nijeriya, daga kun buɗe baki sai saye. Wancan ya ce akwatin ne ke rage wuta, na biya shi ya cire. Kai kuma ka ce in biya a mayar. Rana kyauta Allah ya ba ni, ka ce ta yi yawa?"

Na ce, "Alhaji, tuwo ma kyauta ne a jirginka, amma in aka yi ta ɗura wa mutum ba tsayawa, mutuwa zai yi."

Ya ce, "Ka ji ɗan iska. Je ka yi aikinka."

Sai na koma dabara. In rana ta take in cire wayar sola da hannu, in ta yi sanyi in mayar. In na sami ruwan batir a gari in ƙara. Amma ba kullum nake kusa ba, don Alhaji ya mai da ni ɗan dako, ni ne sauke buhu, ni ne jan igiya. Baba Kyari na ganin duk wannan. Yakan tsuguna kusa da ni in ina buɗe murafe, ya ce, "Yaya marasa lafiyar taka?" In ce da sauƙi dai, Baba. Ya ga ba na barci sosai, ya ga ina ramewa.

Can sai wani abu ya canza. Na buɗe murafe na tarar ruwa bai ragu ba. Washegari ma haka, kowane ɗaki cike har wuya. Na ɗauka dabarata ta cire waya ce ta yi aiki, har na ji daɗi. Amma ƙarfin baturan sai raguwa yake. Caji na shiga, ba ya zama, kamar kana zuba ruwa a kwando. Na cire firiza na gwada, na cire famfo na gwada, na bi kowace waya da mita ina neman inda wuta ke zurarewa. Babu.

Ranar da abin ya fashe muna wani tsibiri mai nisa, firiza cike da giwan ruwa. Direba ya murɗa makulli, kik ya ce ƙyat, ya yi shiru. Ya sake, ko ƙyat ɗin babu. Firiza ta tsaya, famfo ya tsaya. Muka wuni muka kwana muna kwarfar ruwa da robobi, fasinja na tsine mana, wata mata da jariri na kuka. Kafin wani jirgi ya yarda ya ja mu zuwa Bol, kifi ya kumbura, ƙuda sun rufe jirgin.

Alhaji ya tare mu a kwata. Ya kira wani mai gyaran babur ya duba, wannan ya tsoma tsinke a batir ya ce babu asid, ruwa ne zalla. Nan take Alhaji ya kama wuyan rigata.

"Ka tsiyaye mini asid ka sayar, ko kuwa baturan ka musanya a tsibiri ka kawo mini gawa? Ɓarawo! Ran kasuwa za mu zauna gaban Sarkin Kwata. In ba ka fito da gaskiya ba, jandarma zan miƙa ka. Kuma ni ban taɓa ganin wata takarda taka ba."

Direba, wanda bai taɓa yi mini doguwar magana ba, ya ja ni gefe ya ce da gurguwar Hausarsa, "Baƙo ba takarda a bakin tafki, ba batir za su tambaye ka ba. Ka gane?" Na gane. In na shiga hannu a haka, Talatu ko labarin inda aka kai ni ba za ta ji ba.

Aka hana ni fita daga jirgi. Na kwance ma'aunin asid daga zanen, na zuƙi ruwan ɗakin farko. A lafiyayyen batir, 'yar kwalbar da ke ciki takan taso ta yi iyo. Wannan karon nutsewa ta yi har ƙasa. Duk ɗakunan haka. Batir in rana ta dafa shi ruwa ne ke tafiya, asid ya ƙara kauri, ba ya tsinkewa. To ina asid ya tafi? Na duba lambar da na yi musu da ƙusa ranar da na kama aiki, tana nan, ba a musanya su ba. Sai na lura da wani farin abu da ya daskare a bakin murafe, ba irin garin da batir ke yi a kansa ba. Na ɗiga ruwan a yatsa na taɓa a harshe. Da asid na ƙwarai ne da sai na tofar na yi ta kurkure baki. Wannan tsaminsa ya mutu, kuma a bayansa akwai wani ɗanɗano da duk ɗan Hausa ya sani tun yana goye.

Ina zaune riƙe da ma'auni, bayan azahar, sai ga Baba Kyari ya taho da butarsa da wani ɗan mazurari da ya yanka daga gorar roba. Ya ga murafe a buɗe, ya yi murmushi kamar wanda aka kama yana sadaka.

Ya ce, "To, tunda ka gani. Da ma ba na so ka sani, kada ka ce tsoho ya shiga aikinka."

Na ce, "Baba, mene ne a butar?"

Ya ce, "Jiƙon kanwa ne, ungurnu mai kyau, ba ta lodi ba. Na ga suna shan ruwa ba sa ƙoshi, kai kuma Alhaji ya hana ka sukuni. Doki in ya rame kanwa ake ba shi. Saniya ma haka. Kai kanka da me ka tashi? In ka ga yadda suke karɓa, ɗana! Da na zuba sai su hau kumfa suna shuu, har sai na dakata. Ciwon ne ke fita."

Na dube shi. Kanwa da asid ba sa zama wuri ɗaya, ɗaya sai ya kashe ɗaya, kumfar da yake murna da ita mutuwar batir ce. Ni mutum ne mai baƙar magana, a Haɗeja an san ni da haka. Amma ran nan ban yi masa ba. Na karɓi butar na ajiye a bayana.

Na ce, "Baba, sun ƙoshi haka. Kada ka ƙara. Kuma kada ka gaya wa kowa."

Ya ce, "Wa zan gaya wa? Ai lada ake nema."

Kwanakin da suka rage kafin kasuwa ban ji daɗin tuwonsa ba. In na faɗa, na tsira, shi kuwa Alhaji zai watsa masa tabarma a kwata, kuma ba shi da inda za shi a duniya. In na yi shiru, ni zan tafi inda ba a dawowa da wuri. Na yi ta juya abin ina neman hanya ta uku.

Ran kasuwa aka shimfiɗa tabarma a rumfar Sarkin Kwata, wani dattijo mai rawani wanda ke sasanta rigimar masu jirage. Aka jera baturan huɗu a gabansa kamar gawarwaki. Mutane suka taru. Alhaji ya yi magana har da kumfar baki. Da aka ba ni dama na nuna lambar ƙusa, na ce ba a musanya ba. Na yi bayanin sola da kwantirola, na ce tun farko na gargaɗi Alhaji.

Sarkin Kwata ya ce, "Malam Sale, na ji. Amma ka ce rana ruwa take ƙonewa. Waɗannan kuwa cike suke da ruwa, asid ne babu. Ina ya tafi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban sayar ba."

Ya ce, "Ban ce ka sayar ba. Cewa na yi ina ya tafi. Wa ke taɓa su in ba kai ba?"

Na kafa wa baturan ido, na ƙi waiwayawa wajen Baba Kyari.

Alhaji ya ce, "Kun gani? A kira jandarma kawai, rana na yi."

Sarkin Kwata ya ɗaga hannu zai aiki wani. Ba zan yi wa kaina kwalliya ba, ban san abin da bakina zai faɗa ba da an ƙara ɗan lokaci. Allah bai bari na sani ba. Baba Kyari ne ya kutso ta cikin mutane, yana gyara 'yar hularsa da ta sha jiki.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ji tsoron Allah. Yaron nan ɗan gida ne, na san irinsu, ba sa sata. Ni nake kwana da baturan nan. Ba wanda ya ɗebi ko ɗigo. In ma ƙari ne, ƙari aka yi musu, don ni da hannuna kullum nake ba su kanwa, shi bai ma sani ba."

Sai mai gyaran babur ɗin nan ya fashe da dariya har da riƙe ciki, wasu suka taya shi, aka fassara wa waɗanda ba su ji ba, dariya ta zagaye rumfar. Baba Kyari na tsaye yana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan murmushi don bai san abin da ake wa dariya ba. Sannan ya dube ni. Na sunkuyar da kai. A nan murmushin ya tafi.

Sarkin Kwata bai yi dariya ba. Ya tambaye ni ko kanwa na kashe asid, na ce tana kashewa. Ya tambaya ko na sani kafin yau, na ce na sani. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce wa Alhaji, "Ba shi takardunsa, yanzu, a gabana." Alhaji ya ce ba su tare da shi. Sarkin Kwata ya ce za mu jira. Ashe suna cikin aljihun, ya zaro ya jefo mini a tabarma. Na ɗauka na soke su a ƙugun wando.

Sai Alhaji ya juya kan tsohon. Abin da ya faɗa masa ba zan rubuta ba. Ya sa aka fito da tabarmarsa da butarsa da ƙullin tsummansa aka zube a yashi. Sarkin Kwata ya hana a taɓa shi, ya ce ba a biyan diyya daga wanda ba shi da komai, amma bai iya tilasta wa mutum ya riƙe ma'aikaci ba. Da yamma Alhaji ya aiko direba wai in koma aiki, zai sayi sababbin batura har da akwatin da nake ta magana. Na ce a gaya masa ya nemi Ɗanliti ya kawo masa wani.

Na sami Baba Kyari a bayan rumfunan kifi zaune a kan ƙullinsa.

Ya ce, "Ɗana, da gaske ni na kashe su?"

Na ce, "Kai ne, Baba. Rana ta fara, kai ka ƙarasa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Da an tafi da kai saboda ni."

Na ce, "Ba a tafi ba. Tashi mu je gida."

Ya ce, "Da me? In shiga Birniwa da buta?"

Na ce, "Ni da me zan shiga Haɗeja? Tashi, ni ba na iya lallashi."

Na sayar da mita da sifanu muka hau mota. Shi ba shi da wata takarda, amma a shingaye ba wanda ya kula tsoho mai tari, ni dai ake warewa gefe. Hanyar ta wahalar da shi ƙwarai, a yashin nan sai da na riƙa goya shi in mota ta kafe.

Mun sauka a Birniwa. Unguwar da ya ce tasu ce an yi shaguna. Muka yi ta tambaya har aka kai mu wurin wani dattijo makaho wanda ya tuna sunan mahaifinsa. Ya ce 'yan gidan sun watse tun tuni, wasu sun mutu, wasu sun yi kudu, kuma shi Kyari ai an yi masa sadakar arba'in tun zamanin da. Baba Kyari ya ce, "Allah ya ba su lada." Ya tsaya a bakin titi riƙe da ƙulli, yana duban gabas yana duban yamma. Na karɓi ƙullin na tsayar da motar Haɗeja.

Da muka isa, yara suka fito da gudu suna duba hannuna. Talatu ta leƙo zaure ta ga tsoho zaune a kan tabarmata, ta ja ni ciki.

Ta ce, "Malam, mutane na dawowa da babur, wasu da keken ɗinki. Kai me ka kawo mana?"

Na ce, "Ga shi nan a zaure. Ki ƙara hannu a tuwo."

Ta dube ni, sai ta ɗauki kwarya ta ƙara gari.

Damina biyu Baba Kyari ya yi a zaurena. Yana gyara wa masunta koma, yara na kiransa Kaka. Ranar da ya rasu mutanen unguwa suka cika sahu, wani daga baya ya tambaya, wai tsohon nan wane ne nasa a garin nan. Liman ya waiwayo yana neman wanda zai ba da izinin salla. Na matsa gaba na ce ni ne.